Kafin a Shafa Fatiha

Abin da ake faɗa a garinmu shi ne wai na katse wa liman addu'a a ofishin 'yan sanda, na ɗaga murya na kira sunan wani Bafulatani a gaban dattawa alhali hannuwa suna sama. Har a Wurno an tare ni da zancen a gidan biki. Wata mata da ba ta san ni ce ba ta zauna tana ba ni labarin kaina, ta ƙara da cewa har tebur na buga. Ban buga tebur ba, babu ma tebur a wurin. Ban katse addu'a ba, don ba a fara ta ba. Sunan kuma ba daga bakina ya fito ba a ranar. Na bar ƙaryar ta yi ta yawo muddin Baba yana raye, saboda dalilin da zan faɗa a gaba. Yanzu an kai shi makwancinsa, ke kuma kin fara zuwa makaranta, kuma na san ba da daɗewa ba wata yarinya za ta goranta miki cewa uwarki ce mai katse Fatiha. Gara ki ji daga wurina.

Baba ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarama bayan rasuwar mahaifina, shi kuma ya tsaya har na gama sakandare lokacin da ake ce masa ɓata lokaci yake yi. Shi ne limamin unguwarmu. A shekarar da nake magana, ɓarayin daji sun matsa wa ƙasarmu, daga bakin fadama har hanyar Goronyo ba wanda ke fita da kwanciyar rai. Sai aka ce daga sama kowane ofishin 'yan sanda ya samu kwamitin mutanen gari, waɗanda za su riƙa sa ido kan aikin 'yan sandan, su kai kukan jama'a, su tambayi dalili idan an kama mutum. Aka naɗa Baba shugaba. An ce dole a sa mace a ciki, dole kuma a sa matashi. Dattawa suka duba suka ga idan aka sa ni an sallami mata an sallami matasa da kujera guda, ga shi kuma ɗiyar liman ba za ta buɗe baki a gabansa ba. A nan suka yi kuskure. Baba ya san halina, amma ya yi shiru.

Zamanmu na kwamiti a rumfar bayan ofishin ake yin sa. Su ne masu benci, su ne masu lemo, su ne masu cewa ga ranar da za a zauna. Shugaban ofishin, wanda kowa ke ce wa Oga, mutumin nesa ne da aka turo mana, Hausarsa ta bariki ce, kuma ban taɓa ganin mugunta a fuskarsa ba, gajiya kawai. Zai tashi ya faɗi abin da suka yi a watan, dattawa su yi godiya, a roƙe shi ya ƙara sintiri a hanyar fadama, sai Baba ya ɗaga hannu a shafa Fatiha a watse. Ki lura da wannan, don a kansa komai ya rataya. A wurinmu abin da aka shafa wa Fatiha ya rufu. Aure ne, ciniki ne, sulhu ne, da zarar tafin hannu ya sauka a fuska ba mai sake tayar da zancen sai marar kunya. An kafa mu don mu tambaya, muka koma baƙin da ake ba lemo. Na yi ta zama ina cije baki, ina ji kamar in tashi in tafi gida in dama furata.

Furar nan ce ta haɗa ni da Inna. Bafulatana ce daga rugar da ke gabas da gari, ita ke kawo wa gidanmu nono tun kafin a haife ni, ni ma da na fara sayar da fura ita na riƙe. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Babban ɗanta, Usmanu, da ake ce wa Manu, shi ke kawo shanunsu gonar Baba duk bayan kaka, su ci kara su bar taki. Haka aka gada tun kakanni. Na taso ina ganin sa yana cin tuwo a zauren gidanmu.

Sai aka kai hari gonakin albasa da rana tsaka. Aka kashe Malam Garba, maƙwabcinmu, mutumin da ke tsayawa bayan Baba a sahun farko, aka kora shanun noma. Gari ya ɗauki zafi. Ranar kasuwar da ta biyo, 'yan sanda da 'yan sa-kai suka tare hanya suna sauke duk matashin Bafulatanin da suka gani a kan mashin. Manu yana ciki. Mazan ruga ba wanda ya iya zuwa tambaya, don duk namijin da ya leƙa ofishin a lokacin shi ma bayan kanta zai kwana. Waɗanda suka rage su je su biyu ne, uwarsa da matarsa.

Bayan kwanaki Inna ta shigo gidana da ƙwarya babu nono. Ta zauna a gindin turmi, ta gaishe ni har da tambayar jego, kamar ba abin da ya faru. Sai da na matsa mata.

"Inna, kin je ohishin?"

"Mun tahi."

"Mi sunka ce?"

"Sun ce in hwaɗi suna."

"To?"

Ta kawar da kai ta dubi bango. "Na ce musu na gidanmu na. Dogo, mai tabo ga gira. Sunka ce wannan ba suna ba na. Sunka tambayi yarinyar, ita ma ta duƙar da kai. Sai wanda ke ga kanta ya yi dariya, yac ce uwar da ba ta san sunan ɗanta ba, ɗan nata na kuwa?"

Ke 'yar zamani ce, bari in fassara miki. Manu ɗan farinta ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ko ciwo yake yi sai dai ta aika wata ta duba. Mace kuma ba ta kiran sunan mijinta. Mu Hausawa muna da wannan kunyar, amma ta Fulanin ruga ta ninka tamu. Inna ta haura shekara sittin harshenta bai taɓa furta sunan nan ba, ko a ɗaki ita kaɗai. Ba taurin kai ba ne, bakin ne ba ya buɗuwa. Wato cikin duk duniya, mutum biyun da suka iya zuwa neman sa su ne biyun da ba za su iya faɗin sunansa ba.

Na goya ki na tafi ofishin da kaina. Na tsaya a kanta na ce Usmanu ne, ana ce masa Manu, daga rugar gabas. Ɗan sandan ya tambaye ni ko ni matarsa ce. Na ce a'a. Ƙanwarsa? A'a. Ya ce rabin waɗanda ke ciki Usmanu ne, sauran kuma Bello, kuma sunan da mai fura ta kawo ba zai buɗe ƙofa ba, sai wani babba a gari ya tsaya ya ce ya san mutumin. Ya ƙara da cewa duk wanda ba a tsaya masa ba, bayan zaman kwamiti za a kwashe su a mota zuwa Sakkwato. Kowa ya san wanda aka kai can a irin wannan zargi, sai dai a yi ta jiran labari.

Daga nan gidan Baba na wuce. Na same shi a zaure bayan la'asar yana gyaran igiyar guga.

"Baba, Manu na hannunsu."

"Na ji."

"Za su kai shi Sakkwato in ba a tsaya mishi ba."

"Zamna, Kulu. Ke kullum a tsaye kike magana kamar mai bin bashi."

Ban zauna ba. Ya ajiye igiyar.

"Garba ko arba'in bai yi ba," in ji shi. "Ɗiyanshi na kallona. Gari na kallona. In na tashi gaban jama'a na ce ga Bahillacen da na sani, gobe za a ce liman na tare da 'yan daji. Kuma in munka ɓata ma Oga rai ya janye motar da ke sintiri ga hwadama, wa za ya hita ban ruwa? Albasar mutane ta ƙone don mutum guda?"

"To mi ne amfanin kwamitin?"

"Amfaninshi a zamna lahiya da hukuma."

"Ba haka anka ce muna ba ranar da anka naɗa mu."

"Ranar naɗi daban, Kulu. Tashi ki kai ɗiyag ga gida, rana ta yi sanyi."

Kada ki ɗauka Baba matsoraci ne ko mugu. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ni ma ina da gona a fadamar, babanki a can yake wuni. Na fita ina jin haushinsa, ina kuma jin tsoron abin da yake tsoro.

Ranar zaman, Inna da matar Manu suna gindin dalbejiyar da ke ƙofar ofishin tun hantsi. Duk dattijon da ya shigo sai da ya wuce ta gabansu. Oga ya tashi ya yi bayaninsa. Ya ce mutanen da ke hannunsu za a wuce da su gobe, don babu wani babba da ya zo ya neme su da suna. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce wata tsohuwa ma ta zo, aka tambaye ta sunan ɗanta ta kasa faɗa, wannan kaɗai ya isa ya nuna akwai abin da ake ɓoyewa. Shi ban ga laifinsa ba, baƙo ne, iyakar abin da ya gani ya faɗa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne dariyar da wasu dattawa suka taya shi. Mutanen da su kansu 'ya'yan fari ne, waɗanda uwayensu suka mutu ba su taɓa kiran sunansu ba. Kowa a rumfar nan in ban da Oga ya san abin da ya rufe bakin Inna. Ba wanda ya fahimtar da shi. Aka yi godiya, aka roƙi ƙarin sintiri. Baba ya gyara zama ya ɗaga hannuwansa, kowa ya ɗaga.

Bai kai ga buɗe baki ba. Wannan ɗan tsakanin, na numfashi guda, shi ne duk abin da na samu, kuma a cikinsa na yi magana. Ban ɗaga murya ba.

"Baba, kahin a shahwa. Ɗan hwarin Inna, wa ya raɗa mishi suna?"

Na san amsar, a gidanmu na ji ta. Shekarun baya, da aka haifi yaron, Baba aka ɗauka a kan jaki zuwa ruga. Shi ya yanka ragon, shi ya fara furta sunan a duniya, shi ya shafa masa Fatiha.

Wani dattijo daga gefe ya ce, "Ke, ana addu'a." Baba bai dube shi ba, bai dube ni ba. Hannuwansa suna nan a sama. Da ya ga dama ya fara karatu, kowa ya bi shi, a shafa, zancen ya mutu, ni kuma in zama marar kunyar da aka yi wa shiru. Ba wanda zai zarge shi.

"Ni na," in ji Baba. "Usmanu. Ni na raɗa mishi."

Ya sauke hannuwansa a kan gwiwa ba tare da ya shafa ba, ya juya wajen Oga.

"Ranka shi daɗe, tsohuwar nan ta san sunan ɗanta. Ɗan hwarinta na. Nan ƙasar uwa ba ta kiran sunan ɗan hwari, mata ba ta kiran na miji. Yaron gonata yake kai shanu kowace kaka. A bincika, in an same shi da laihi a hukunta shi. Amma na san shi, kuma na tsaya mishi."

Oga ya dubi Baba, ya bi dattawan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Murmushin ya tafi.

"Duk kun san wannan?" ya tambaya. "Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

Tambayar nan ita ce dalilin da aka kafa kwamitin, kuma ɗan sanda ne ya yi mana ita, ba mu muka yi masa ba. Daga baya Baba ya sake ɗaga hannu aka shafa Fatiha cikakkiya, ba wanda ya katse ta.

Ba a saki Manu a ranar ba. An cire shi daga cikin masu tafiya, aka yi bincike, masu sayar da dusa suka shaida yana kasuwar wani gari a ranar harin. Sauran an wuce da su washegari kamar yadda aka ce. Ban san sunayensu ba, ban san ko akwai mai laifi a ciki ko babu ba, kuma ban san uwaye nawa suka zo kanta suka koma da baki a rufe ba. Ranar da aka fito da Manu ina wurin. Ya rame, yana jan ƙafa, kunnensa na hagu har yau ba ya ji sosai. Inna tana gindin dalbejiya. Ba ta tashi da gudu ba, ba ta dube shi ba. Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta ce wa iska, "Rana ta yi, shanu ba su sha ruwa ba." Ta kama hanya, shi yana bin ta a baya, matarsa tana bayansa. Ɗan sandan kanta ya ce mini, "Wai wannan ce uwar?" Shi bai ji abin da na ji ba. Ludayin da ke cikin ƙwaryar yana ta ƙwanƙwasa gefenta, don duk jikin Inna rawa yake yi.

Kafin magariba labari ya riga ya canza kama. Dattawan da ke rumfar ba wanda yake so a ce liman da kansa ya tsaya wa Bafulatani alhali ana zaman makokin Malam Garba. Ya fi sauƙi a ce ɗiyarsa ce ta haukace ta katse addu'a ta kira sunan, shi kuma ya rufa mata asiri. Na ji, na buɗe baki zan ƙaryata, sai na tuna da sahun masallaci. Da gari ya san gaskiya a wannan zafin, akwai waɗanda za su daina bin sa salla, shi kuwa masallacin nan shi ne rayuwarsa. Ni mi zan rasa? Sai na yi shiru, abin da ban iya ba. Shi ma bai gyara zancen ba. Aka aiko mini cewa an ba wata kujerata. Gidajen da ke sayen furata suka ragu. Duk wannan bai dame ni ba kamar ranar da na haɗu da matar Malam Garba a bakin rijiya bayan ta fita takaba. Ba ta zage ni ba.

"Kulu, an ce kin san sunan nasu," ta ce. "Wanda ya kashe min miji hwa, kin san nashi?"

Na ce ban sani ba. Ta ɗauki tulunta ta tafi. Har yau ba a kama kowa a kan jinin mijinta ba, kuma kwamitin bai taɓa tambayar inda binciken ya tsaya ba. Ita ma an shafa wa maganarta Fatiha. Na daɗe kafin in gane cewa ita da Inna abu guda aka yi musu.

Ni da Baba ba mu sake tayar da zancen ba sai a ciwonsa na ƙarshe. Na kai masa kunu da hantsi, yana kwance a zaure, ya dube ni ya ce, "Ban taɓa jin hannuna da nauyi irin na ranan nan ba."

Na ce, "Da ka shahwa, da an wuce da shi."

"Na sani. Ke dai ba ki da haƙuri, Kulu."

"Ba ni da shi, Baba."

"To," in ji shi. Ya karɓi kunun ya sha. Iyakar abin da muka ce ke nan. Manu yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, mutane suna ta kallon sa suna mamakin abin da ya kawo shi.

Yanzu an canza Oga, an kawo wani baƙon, kuma ana shirin sake naɗa kwamiti. A rediyo kullum ana gardama a kan ko jiha ta samu 'yan sandanta na kanta, 'yan ƙasa waɗanda suka san harshe da al'ada. Ni ban ƙi ba. Amma na ga rumfa cike da 'yan ƙasa da suka san komai suka yi shiru, don haka sani kaɗai bai cika mini ido ba.

Ga abin da na yanke. Ranar naɗin zan je in nemi kujerar mata da bakina, ba zan jira a aiko ba. Na riga na je wurin matar Malam Garba na roƙe ta mu tafi tare, ta ce za ta yi tunani. In sun ba ni, buƙatata guda ce: a kowane zama, kafin liman ya ɗaga hannu, a kira sunan duk wanda ke bayan kanta da ƙarfi, a tambayi wa ya san shi, a kuma kira sunan duk wanda aka kashe ba a gano mai laifi ba, a tambayi ina aka kwana. In sun hana ni, akwai wuri a gindin dalbejiya, kuma duk dattijon da zai shiga sai ya wuce ta gabana.

Ke kuma, kada ki taɓa yi wa Inna dariya in kin gan ta. Ki duba tun daga farkon rubutun nan har ƙarshensa. Uwarki da ake ce wa marar kunya ta kira sunayen mutane da yawa, amma ke ce 'yar farina, kuma hannuna bai iya rubuta naki ba.